Kofin Maigida

Da rana tsaka Zorka ta faɗi a bakin akurkin kajinta, ƙashin ƙugunta ya tsage, kwandon ƙwai ya tarwatse a tsakar gida. Mutanen ƙauye suka ce tsufa ne, wasu suka ce dutsen daɓen ne ya yi santsi. Ita kaɗai ta san ba ruwan dutse. Tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci ta safe ta riga ta kora da loza, barasar nan fara tas da mijinta Jerko yake tatsowa daga tukar inabi kowace kaka. Kuma ba ranar ta fara ba.

Shekara da shekaru tana zuwa asibitin cikin gari ana auna mata hawan jini, ba a taɓa tambayarta ko tana sha ba. Wa zai dubi tsohuwa mai baƙin ɗankwali, da carbi a jaka, ya yi mata wannan tambaya? Abin da suke tambayarta kullum shi ne lafiyar Jerko, da ko yana nan kan bakansa na barin giya. Sai a wannan kwanciyar aka haɗa ta da wata sabuwar likita, yarinya ɗanya shar da ba ta san kowa ba a yankin. Ta duba sakamakon jini, ta ja labule, ta zauna a bakin gado, ta ce, “Mama, nawa kike sha a rana?” Zorka ta buɗe baki za ta yi ƙarya, sai ta ji ta gaji. Ta faɗi gaskiya.

Likitar ba ta zaro ido ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Ta dai ce jikin mace ba ya ɗaukar barasa kamar na namiji, na tsohuwa kuwa ya fi kowanne rauni, ga maganin hawan jini, ga na barci, duk suna haɗuwa su kwashe mata ƙafa. Ta ce faɗuwa ta gaba mai yiwuwa ba za ta tashi ba. A asibiti za su taimake ta ta wuce kwanakin farko masu wuya, amma in ta koma gida ba za ta iya ita kaɗai ba. Sannan ta ƙara da cewa an yi sa'a, akwai ƙungiyar masu barin giya a ƙauyensu, sai dai dokarsu ba a zuwa sai da wani na kusa da zai zauna tare da mutum. Zorka ta yi dariya har ƙugun ya amsa, domin shugaban ƙungiyar nan shi ne mijinta.

Jerko a zamaninsa mashayi ne na nuna wa sa'a. Zorka ta kwaso shi daga kwata, ta kwaso shi daga bakin gonar mutane, ta wanke zanen gado, ta ɓoye shatin hannunsa a fuskarta da ɗankwali. Da hanta ta fara yi masa barazana, Zorka ce ta ja shi zuwa ƙungiyar, a ɗakin sama na gidan 'yan kwana-kwana, duk ranar Alhamis da la'asar. A can maza masu ciwon suke zama a da'ira, matansu a bayansu. Mace ce take sa wa mijinta ƙwayar hana sha a baki a gaban kowa, ta kuma faɗi yadda makon ya kasance. In an tashi, matan su sauka kicin na ƙasa su dafa kofi, su wanke kofuna. Duk shekarar da mutum ya cika bai sha ba, a tafa masa, a ba shi jan fure da takardar yabo. Takardun Jerko sun cika bangon falo, shekara ashirin da ɗoriya. Zorka ko filfilwar fure ba ta taɓa samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Jerko ya bar sha, bai bar inabi ba. Gonar ta kakansa ce, kuma a ƙasar nan namijin da ba ya dafa lozarsa, maza ba sa lissafa shi. To ita loza ba a dafa ta sai da harshe. In ta fara ɗigowa daga tukunyar jan ƙarfe, sai an yi ta ɗanɗanawa don a san lokacin da mai ɗacin farko ta wuce, da lokacin da ta fara salamcewa a tsayar. Akwai ɗan gilashin awo da samari ke amfani da shi, Jerko ya ce wannan aikin ragwaye ne. Sai ya miƙa wa matarsa kofi ya ce ta taimaka, ai ɗanɗanawa ba sha ba ce.

Sannan ga baƙi. Duk wanda ya taka gidan mutum, ko da safe ne, sai an ajiye masa busasshen ɓaure da ƙaramin kofi, kuma dole mai gida ya ɗaga nasa a sha tare, in ba haka ba an wulaƙanta baƙo. Jerko ya samo dabara. Ya zuba kofi biyu, ya ɗaga nasa, ya yi wa baƙo fatan lafiya, sannan ya miƙa wa Zorka ta shanye a madadinsa. Mutane suka yi ta yaba wannan hikima, har wasu 'yan ƙungiya suka kwaikwaya. Gidan shugaba kuwa ba ya rabo da baƙi. Tun tana yamutsa fuska har ta daina, har ta fara jin daɗin ƙarar ƙofar shinge. Da 'yarsu ta tafi Jamus da jikoki, gidan ya yi shiru, gwiwoyi suka fara ciwo, sai ta daina jiran baƙo.

Ranar da aka sallamo ta, tana dogara sanda, ta bari ya gama cin miyar kabeji, sannan ta faɗa masa duk abin da likita ta ce. Ta ce ranar Alhamis tana so ya kai ta, ya zauna a bayanta. Ta ce kuma a sauko da taron ƙasa, don ƙugunta ba zai hau matakala ba.

Jerko ya goge gashin bakinsa, ya daɗe yana kallon bangon takardunsa. Ya ce tun da aka kafa ƙungiya a sama ake taro, ba za a sauko don mutum ɗaya ba. Ya ce kuma ba a taɓa ganin mace a cikin da'ira ba, maza maganarsu suke yi ta maza, za ta takura su. Da ta ce ai ta ji maganar tasu ta maza fiye da shekara ashirin daga baya, kuma ba wani abin a zo a gani a ciki, sai ya fito fili.

“Tsohuwa, kina so a ce matar shugaba mashayiya ce? Namiji in ya sha, an san dalili, wahala ce. Mace mai jikoki fa? Da wane ido zan dubi mutane?”

“Da irin idon da na dube su da shi lokacin da nake kwaso ka a kwata.”

“Wannan daban ne.” Ya miƙe ya ɗauki hularsa. “Ki rage a gida. Kofi ɗaya bayan abinci. Wa zai sani?”

Ba ta yi kuka ba. Wani abu ne ya sauka a ƙirjinta ya zauna daram, kuma ta san sunansa, ƙiyayya ce. Ta so wannan mutumin, ta ji tsoronsa, ta ji tausayinsa, amma ba ta taɓa ƙin jininsa ba sai ranar.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Kwalbar tana nan inda take, a kan kabad kusa da hoton Maryamu, don Jerko ya ce gidan da ba kwalba a fili ba gida ba ne. Masu zuwa dubiya kuwa ba su yanke ba, kuma kowane ya zo, sai Jerko ya zuba biyu, ya ɗaga nasa, ya miƙo mata kamar ba a yi komai ba. Takan karɓa ta kai bakinta, ta yi kamar ta kurɓa, in hankali ya ɗauke ta tuttule a tukunyar furen taga. Furen ya mutu. Ƙanshin kaɗai yakan sa yawunta ya tsinke, hannunta ya ɗauki rawa. Sau biyu ba furen ne ya sha ba, ita ce. Ta san a haka ba za ta kai Kirsimeti ba, kuma ta san Jerko ya fi kowa sanin haka, tunda shi ne yake tsayawa duk Alhamis yana gaya wa maza cewa ba mai iyawa shi kaɗai.

Sai ta fara jiran ranar dafa loza, ta ƙudura a ranta cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tukunyar ƙauyen guda ce, ta wani tsoho mai suna Barisha, wanda yake jan ta da tarakta gida gida in kaka ta yi. Ranar da ta zo gidan mutum, ranar biki ce. Tun da hantsi tsakar gidan Jerko ya cika. An hura wutar itacen inabi a ƙarƙashin tukunya, an yanka busasshen naman cinya da cuku, ana gasa dankali a toka. Maza suka kewaye wuta, 'yan ƙungiya da kwalaben lemo a hannu, sauran kuwa suna jiran abin da ya kawo su. Mata suna ta kai da kawowa tsakanin kicin da tebur. Zorka ta sa aka fito mata da kujera, ta zauna kusa da bakin bututun da loza take ɗigowa, inda take zama kowace shekara, ta jingine sandarta.

Loza ta fara ɗigowa. Barisha ya tari ta farko ya watsa a wuta kamar yadda aka saba, wutar ta yi bal. Ya sake tara ƙaramin kofi, ya miƙo wa Zorka da hannu biyu, yana cewa ga harshen da ya fi kowane gilashin awo a yankin nan.

Zorka ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce, “Ba wa maigida.”

Aka yi dariya, an ɗauka wasa ne. Barisha ya ce haba uwar gida, so take a kashe musu shugaba? Ya sake matso da kofin. Ta ce ba wasa take ba, ita ta bari. Sannan ta juya ta dubi mijinta, ta yi magana yadda na bakin shinge ma zai ji.

“Jerko, gonarka ce, tukunyarka ce yau. Ko ka gaya musu abin da ya sa na bari, da inda za ka kai ni ranar Alhamis, ko ka ɗanɗana kayanka da kanka.”

Barisha, da ya rasa yadda zai yi da kofin, sai ya danƙa wa Jerko. Jerko ya karɓa yana murmushin yaƙe, ya ce wa mutane maganin ƙugu ne, likita ta hana ta na ɗan lokaci.

“Ba ƙugu ba ne,” in ji Zorka.

Matan suka fito bakin kicin da tsummoki a hannu. Ba wani abu mai wuya aka nema daga Jerko ba. Kalma kaɗan ce, kuma ya ji maza da yawa sun faɗi irinta a gabansa, ya tafa musu. Ko kuwa ya tuttule kofin a ƙasa ya ce a nemo gilashin awo. Zorka ta san duk wannan, ta kuma san mutumin da ta aura. Ta ga yadda ya riƙe kofin nesa da jikinsa da farko, ta ga yadda hannun yake matsowa a hankali, ta ga hancinsa ya buɗe. Tana iya miƙa hannu ta karɓe, kamar yadda ta yi ta karɓewa shekara da shekaru. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan sanda ta bar su a nan.

Wani maƙwabci da ba ɗan ƙungiya ba, wanda ya riga ya jiƙa maƙoshi tun daga gida, ya ce kai shugaba, leɓe kawai za ka tsoma, kada ta wuce lokaci a yi asarar tukunya. Wani ɗan ƙungiya ya ce kul, Jerko, ajiye. Jerko ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi matan da ke bakin kicin. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, “Ɗanɗanawa ai ba sha ba ce.” Ya kai bakinsa.

Bai tsoma leɓe ba. Ya kafa kai ya shanye, ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe sai ya ce da sauran ɗaci, a jira kaɗan a sake tarowa.

Zorka ta ji daɗi. Ba amfanin a ɓoye, daɗi ta ji ya ratsa ta tun daga tsakar ka har ƙugun da ya tsage, irin wanda loza ba ta taɓa ba ta ba. Bayansa tsoro ya biyo, domin ta san abin da ke zuwa gidan nan. Amma daɗin ne ya riga isowa. Mutumin nan ya gwammace ya zubar da shekarunsa duka a kofi ɗaya da ya ce matarsa tana da irin ciwonsa, kuma yanzu ƙauye duka ya gani.

Ta ɗauki sanda ta taka zuwa kicin. Matan suka dare mata hanya. Ta zauna a benci, ta faɗa musu da bakinta, ba ta rage komai ba, har da na sassafe, har da kwalbar da ta ɓoye a buhun dusar kaji. Wasu suka sunkuyar da kai. Wata ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta fita. Sai Tonka ta ajiye wuƙar yankan burodi. Tonka ta yi shekaru tana zama kusa da Zorka a layin baya, suna wanke kofuna tare, har giya ta kashe mata miji duk da haka. Ta ce doka ba ta ce sai miji ba, cewa ta yi wani na kusa.

“Na zauna a bayan wanda ya ƙi jin magana har na binne shi. Ke da kike so, me zai hana in zauna a bayanki?”

Zorka ta ce matakala fa. Tonka ta ce kujerun nan ba kafe su aka yi da ƙusa ba, kuma makullin kicin na ƙasa yana hannun mata tun fil azal. Wanda yake son taro ya sauko, wanda ba ya so ya dafa wa kansa kofi a sama. Wata matashiya daga lungu ta ce ita ma surukarta tana nan gida da irin wannan, ba mai faɗa. Ba wanda ya tanka mata, amma ba wanda ya ce ƙarya take.

A waje kuwa Jerko yana ta ɗanɗanawa. Bai bar bakin bututun ba har aka kashe wuta, kuma bayan dahuwa ta ƙarshe Barisha ne da wani suka riƙe shi zuwa ɗaki. Washegari ya ce kuskure ne na rana ɗaya. Rana ta uku ta ji shi a rumbun ƙasa inda tulunan loza suke. Da ya yi amai a bakin ƙofa, ta kewaye wurin da sandarta ta wuce. Da ya kira ta daga gado ya ce ta kawo ruwa, ta ce ƙugunta ba ya son yawan tashi. Abinci dai tana dafawa, ta ajiye masa nasa a rufe, don ita ba azzaluma ba ce. Kwalbar kan kabad kuwa ta sauke ta da kanta ta kai masa ɗaki, ta ce kayansa ne, ya ajiye inda idonta ba zai gani ba.

Ranar Alhamis da la'asar ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ɗaura sabon ɗankwali. Tana jin ƙarar tsohuwar motar Tonka a bakin shinge, sai ga Jerko ya fito daga ɗaki. Ya yi aski, ya yanke haɓarsa wuri biyu. Ya sa kwat ɗinsa na taro, maɓallan sun saɓa. Hannunsa yana rawa har hular da ya riƙe tana kaɗawa. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ya tsufa a shekara goma.

Ya ce ya san dole ya je ya faɗa da bakinsa, ya ajiye shugabanci, ya koma farko. Ya ce zai yi. Sai dai ta san doka, wanda ya koma ruwa ba ya shiga shi kaɗai.

“Zorka, ki zauna a bayana. Wannan karon kawai.”

Rabon da ya kira sunanta har ta manta. Tausayi ya taso mata har maƙogwaro, domin ta san rawar hannun nan, yanzu ta san ta daga ciki. Ta tsaya ta dube shi da kyau, ta ga ko a yanzu bai tambayi wa zai zauna a bayanta ita ba. Sai ta haɗiye tausayin, kuma ta yi wa kanta alkawari shi ne abu na ƙarshe da za ta haɗiye saboda Jerko.

“Ka rage a gida, tsoho,” in ji ta. “Kofi ɗaya bayan abinci. Wa zai sani?”

Ta sauka dakalin ƙofa a hankali, sanda gaba, ƙafar lafiya, sannan mai ciwon, kamar yadda aka koya mata a asibiti. Tonka ta fito ta buɗe mata mota, ta taimake ta ta zauna, ta ɗora mata jakarta a cinya. Ta leƙa ta ga Jerko tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, ta tambaya ko a jira shi, tunda akwai wuri a baya.

Zorka ta gyara zaman sandarta tsakanin gwiwoyi. Ta ce ya san hanya, shekara ashirin yana bin ta, kuma ƙafafunsa biyu lafiya lau suke. Ta ce Tonka ta ja su tafi, ba ta so ta makara ranar farko.